Laure Ta Raba Goro Ba Amarya Ba Jinjiri

Kakata Laure ba ta iya waƙa ba, wannan in hwara gaya muku tun yanzu don kar wani shi ɗauka zabiya ce. In ta buɗe baki da sunan waƙa ko kaji sai sun watse, ita da kanta take hwaɗin haka tana dariya. Kiɗin ƙwarya ma hannunta bai da daɗi, Inna Baiwa ƙawarta wadda ita ce zabiyar ƙungiyarsu cewa take in Laure ta riƙa ƙwarya kamar mai bugun shinkahwa a hwadama. Amma dut Argungu in ana zancen kiɗin ƙwarya na mata ƙungiyar Laure ake cewa, ba a cewa ƙungiyar Baiwa, kuma Baiwa ba ta taɓa jin haushi ba don ta san dalili. Laure ce mai tara su. Ita ke sanin wa ke da buki a Augie wa ke da suna ƙetaren gulbi, ita ke zuwa gida gida ta roƙi mazan 'yan amshi su bar su su tahi, ita ke neman mota, ita ke ɗinke ƙwaryar da ta tsage, in 'yan amshi biyu sun ɓata ita ke zaunar da su ta ba kowa kan kihi har su shirya. Sana'arta ke nan suyar kihi bakin tasha, kakana Hodi shi kamo ita ta soya.

Lokacin da anka ba mu jihar Kebbi ni ba a haihe ni ba, ko uwata ba ta yi aure ba, labarin bakin Kaka da Inna Baiwa naj ji shi kuma in sun zauna sai sun yi gardama a kai, ni dai na ɗauki inda bakinsu yaz zo ɗaya.

Sunka ce lokacin abubuwa biyu sunka haɗu. Na ɗaya Birnin Kebbi ta cika da baƙi, ma'aikata daga Sakkwato daga Yawuri daga Zuru daga ko'ina kowa da matatai da yara da katihwa bisa mota, ana neman ɗakin haya a Badariya kamar a yi dambe. Na biyu kaset ya shigo gari da ƙarhinai, mai buki sai shi kira yaro da rediyo da lasihika shi kunna tun sahe har magariba, ba ruwanai da ciyar da zabiya da 'yan amshinta. Gayyata tar riƙa raguwa, 'yan amshi sunka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata kuma ba mai son koyo. Kaka tac ce ƙorai na rataye a ɗaki har gizo-gizo ya yi gida cikinsu, in ta dube su sai abinci shi hita ranta.

To akwai wani matashi Maliki ma'aikacin ohishin al'adu da anka buɗe sabo a Birnin Kebbi, in aiki ya kawo shi Argungu wurinta yake cin kihi, Inna yake ce mata. Rannan yaz zo da murnatai yac ce Inna na samo muku rana. Wai ohis ya tsara kowace ƙungiyar gargajiya a ba ta rana guda ta riƙa wasa a hilin bayan ohis mai katanga, shi kuma ya tsaya tsayin daka sai da anka ba mata Alhamis bayan la'asar, mata zalla, shiga kyauta, mota ma ohis ke turowa. Sharaɗi guda ne, jama'a su zo. Kaka tac ce jama'a kuma ai wannan ba sai an hwaɗi ba, wace mace ce za ta ji ƙwarya ta zauna.

Ashe zaunawa za su yi.

Alhamis ta hwarko sunka shiga a-kori-kura da ƙorai da bahon ruwa, don ƙwarya guda cikin ruwa ake kihe ta ita ke ba da babbar murya, sunka bi ta Ambursa sunka iso sunka ishe an jera kujerun ƙarhe reras har bakin katanga, rediyo ya kwana shina shela. Sunka jira sunka jira. Waɗanda sunka zo yara ne masu gudu tsakanin kujeru sai wata tsohuwa mai gyaɗa sai tunkiya da ba a san ta wa ba. Baiwa tay yi waƙarta dai har ƙarshe, da ta gama tad dubi kujeru tac ce to madalla, waɗanga sun hi mutanen Argungu natsuwa, ko tari ba wanda yay yi. Alhamis ta biyu ko mai gyaɗar ba ta komo ba.

Suna ɗaura kaya bisa mota Maliki yaj ja Kaka gehe, huskatai ba daɗi, yac ce “Inna, maigidana ya ce in Alhamis mai zuwa ta zo haka ranar za a ba 'yan dambe, su ko ba shela hili cika yake. Kuma shi da kanai zai zo shi gani.”

Kaka tac ce “Maliki mi rediyon ke cewa ne wai?”

“Cewa yake ana gayyatar kowa da kowa.”

“Kowa da kowa ɗiyar wa ce? Wace shiya take, in je in gaishe da uwarta?”

Maliki yay yi dariya dut da damuwatai yac ce “Inna wallahi ko matata haka tac ce mani. Na ce ki zo ki taya ni cika kujera guda, tac ce ita ba ta zuwa gayyar soɗi, ba wanda yak kawo mata goro. To ohis rediyo anka ba mu da takarda, ba a ba mu goro ba.”

Kun san dai mu nan mace mai mutunci ba ta saka mayahi ta tahi wurin da ba a kira sunanta ba, ko da ana raba zinari, a ce mata 'yar gayyar soɗi ya hi mari zahi. Kaka tac ce to ni ina da ƙahwa kuma ina da kihi. Tat tara kihin da kakana yak kamo tas soya tak kai ma mai goro a kasuwa sunka yi musaya, tak ƙulla goron cikin ganye bibbiyu, tab bar tasha da kasko da komi tat tahi Birnin Kebbi tas sauka wurin wata 'yar ɗakinsu a Badariya. Kakana Hodi yac ce yanzu kihina za ki raba ma matan birni su tauna su tohwar, tac ce awo, kai dai ka koma ruwa.

'Yar ɗakin nasu tac ce mata in kina son shiyar ga ta motsa ki hwara da gidan Hajiya Asiya, matar wani babban malami ce, in tat tashi mata tashi suke in taz zauna zama suke. Kaka tat tahi. Tun zaure ga Malam zaune bisa buzu ga manyan ɗalibai masu gemu kowa da littahi buɗe ana karatu, ita kuma ga ta da warin man kihi da ƙullin goro. Tad durƙusa tag gaishe su taw wuce ciki, ta ishe Hajiya Asiya bisa tabarmar salla da tasbaha. Anka gaisa anka kawo ruwa. Kaka tac ce wallahi kalmar kiɗi ta zo nan maƙoshi tat tsaya taƙ ƙi hita, ga muryar karatu na shigowa daga zaure, ta ina za ta ce na zo in kira ki kiɗin ƙwarya. Sai taj ji bakinta ya ce “Hajiya ina da ɗan sha'ani ranar Alhamis bayan la'asar, hilin bayan ohishin al'adu, ga goronki.”

Hajiya tak karɓa da hannu biyu tac ce “Allah shi sa albarka, Allah shi nuna muna. Za mu zo.”

Shi ke nan hwa, da Kaka tag ga abin ya tahi sumul sai tar riƙe kalmar, gida gida, Badariya, Nassarawa, har cikin tsohon gari, inda tay yi nisa ta hau kabu-kabu, ina da sha'ani ga goronki, ina da sha'ani ga goronki. Nan kuwa in mace ta miƙo maki goro tac ce sha'ani abu biyu ne, ko aure ko suna, ba na uku. Har gobe Kaka cewa take ita sha'aninta na kiɗi take nuhi, Inna Baiwa ta ce ruhe muna baki Laure, ke da kin girme kasuwar Argungu ba ki san sha'ani ba. Nan ne gardamarsu ba ta ƙarewa.

Ranar Alhamis motarsu na shan kwana sunka hango mayahai, ja da kore da ruwan goro, mata zuga zuga daga kowace kusurwa, kowa ta ci ado ta sha lalle, Baiwa tab bugi ƙirji tac ce Laure mi kika ba su. Maliki na bakin ƙohwa shina ta murmushi kamar shi anka yi ma aure. Kaka ma murna take har sai da ta lura da abin da ke bisa kawunansu. Hwarantan masa, kwanonin tuwo, ƙoran hura. Wagga ta riƙo sabulu da 'yar rigar jinjiri, waccan ta ɗauko samiru sabo dal da tasoshi irin na ɗakin amarya. Har an hwara musu bakin ƙohwa, wata na cewa suna ne wata na cewa ke dai ba ki ji da kyau ba aure ne, ɗiyarta 'yar auta za ta aurar, wata tac ce to aure a hilin gwamnati, anka ce ai ɗakunan haya ne ba su da tsakar gida, kin san zamani.

Kujeru sunka cika anka shimhiɗa tabarmi sunka cika. Hajiya Asiya tas shigo da matan gidanta anka ba ta kujerar gaba, taz zauna tag gyara mayahi tad dubi ƙorai da bahon ruwa tad dubi Kaka tac ce “Laure barka da sha'ani. Ina mai abin, amarya ce ko jinjiri? Mun rasa wanda za mu miƙa ma kaya.”

Baiwa tam matso kunnen Kaka tac ce “Ki ce amarya na bisa hanya. Bari in ɗaga murya, in ƙwarya ta shiga jikinsu wa zai tuna da wata amarya.”

Kuma wallahi da ta yi haka da ta wuce, don Baiwa lokacin muryarta ko dutse sai ya rausaya. Kaka tac ce a'a. Tah hito tsakiyar hili tac ce “Jama'a ku gahwarce ni. Ba amarya ba jinjiri. Kiɗin ƙwarya ne, ni na tara shi, an ce in ba ku zo ba yau za a karɓe muna ranar. Na zo gidajenku kunyar cewa kiɗi tak kama ni nac ce sha'ani.”

Can baya wani yaro na ta kuka. Sannan guna-guni yat tashi, wata tac ce amma matar ga da ƙarhin hali take, wata tac ce ni da nab bar wanki. Hajiya Asiya ba ta ɗaga murya ba, tam miƙe a hankali tac ce “Laure ni ba kiɗinki ne damuwata ba, ina yarinya na yi rawar ƙwarya har zanena ya kwance. Amma na ce ma Malam buki za ni. Tun da anka kawo ni gidan nan ban taɓa gaya mai abin da ba shi ba, yau kin sa na gaya mai.” Taj juya ga matan gidanta tac ce ku ɗauko kayanku.

Tana tashi rabin hili yat tashi. Kuma ba ita kaɗai ba, kusan dut wadda ke wurin da sunan buki anka bar ta tah hito, kowa sai yanzu take tuna abin da tag gaya ma maigida. Maliki daga bakin ƙohwa ya ga mata na ɗaukar hwarantai bai san mi ke hwaruwa ba, ga motar maigidanai ana cewa ta taso.

Kaka tac ce ita dai ba ta san inda maganar tah hito ba, ba ta shirya ta ba, tag ga dai abinci ga kaya ga mata sun yi ado ga makaɗa, komi na buki ya haɗu mai buki kaɗai babu. Sai taɗ ɗaga muryar nan tata mai korar kaji tac ce “Ku dakata don Allah! Cikin ku dut babu wadda ke da sha'anin da ba a yi mata ba?”

Anka tsaya ana kallon juna. Wata tay yi dariya. Can baya inda yaron nan ke kuka wata yarinya siririya da goyo taɗ ɗan ɗaga hannu tas sauke, maƙwabciyarta tat tura ta gaba tac ce hwaɗi mana. Sunanta Kulsumi, daga Yawuri anka taso mijinta da aiki, ɗaki guda sunka samu a Badariya, nan tah haihu ɗan hwari ko arba'in ba ta yi nisa da gamawa ba. Tac ce maza sun raɗa suna a masallaci da sahe, shi ke nan. Uwarta ba ta da lahiya ba ta zo ba, ita kuma ba ta san kowa ba balle ta raba goro. Ranar suna ita kaɗai taw wuni cikin ɗaki da yaron, ko guɗa guda ba a yi mai ba. Tana hwaɗi tana share ido da bakin mayahi tana ba da haƙuri kamar ita tay yi laihi.

Hajiya Asiya da ta kusa ƙohwa tak komo. Tac ce “Wane gida a Badariya?” Kulsumi tak kwatanta. Hajiya tac ce “Bayan gidanmu? Gidan mai shuɗiyar ƙohwa? Ke yarinya kin haihu bayan katangata ina jin kukan jinjiri ina cewa na baƙi ne, ba ki aiko ba?”

“Hajiya ai baƙin ne mu.”

Kaka tac ce ta ga huskar Hajiya ta sake. Hajiya tam miƙa hannu tac ce kwanto shi, anka kwanto yaron tar riƙe shi tac ce mi sunanai, anka ce Sahabi, tat toha mai addu'a tad daɗe tana kallonai, sannan taz zauna bisa kujerarta da yaron a cinya tac ce ma matan gidanta “Ku aje kayan. Suna munka zo.” Tad dubi Baiwa tac ce “Ke kuma mai baki, ba ki iya guɗa ba ne?”

Kai jama'a! Baiwa tar rangaɗa guɗa sai da tantabaru sunka tashi bisa kwanon ohis, ƙorai sunka ɗauka, ta cikin ruwa na amsawa daga ƙasa, anka zaunar da Kulsumi tsakiya anka yaha mata sabon zane, Baiwa tas sa sunan Sahabi cikin waƙa nan take da na uwatai da na Yawuri dut, 'yan amshi na karɓawa. Masu sabulu da riguna sunka yi ta taƙama su ne sunka ji daidai, masu samiru da tasoshi sunka tsaya da kayansu a hannu, wata tac ce to mu hwa, Baiwa tac ce cikin waƙa ku aje mai, yaro ya tara kayan ɗakin matatai tun shina shan nono. Kulsumi na kuka tana dariya. Tsohhi sunka shiga hili, Hajiya ba ta tashi ba amma Kaka ta rantse ta ga babban yatsan ƙahwarta na bin ƙwarya.

Maigidan Maliki yaz zo bai samu shiga ba, mata sunka ce bukin mata ne Alhaji, sai bakin ƙohwa yat tsaya shina jin guɗa, anka miƙo mai masa a hwaranti yac ci a tsaye. Yac ce ma Maliki wai wannan wasan gwamnati ne ko suna, Maliki yac ce ranka shi daɗe al'ada ce dai, ga ta nan ana yi. 'Yan dambe Asabar anka ba su.

Kahin magariba ana watsewa Hajiya Asiya tak kira Kaka tac ce “Yau Allah ya ruhe muna asiri da ni da ke. Amma kar ki sake miƙa ma wata goro ki ce sha'ani sai in akwai mai shi da sunanta.” Kaka tac ce na ɗauka Hajiya.

Kuma ta riƙe. Daga nan aikinta yak koma neman mai Alhamis, ta soya kihi kwana biyu sauran kwanakin tana Birnin Kebbi tana bin gidajen haya, wa tah haihu ba dangi, wa tat tare sabon gida, wa tay yaye, wa tat tashi daga doguwar jinya. Mai abin ita ke ba da sunanta a kai goro, kuma kowace ta jawo nata mutane, wadda anka yi ma wancan mako ita ce gaba gaba wanga mako. Matan Zuru sunka kawo tasu rawa anka ba su wuri, 'yan mata biyu sunka ce a koya musu ƙwarya. Takalman Kaka kam ba a magana, kakana yac ce ya gaji da kai su wurin mai gyara.

Sai wani mako cikin damina ta bi ko'ina ba ta samu kowa ba, ba haihuwa ba tarewa ba komi. Maliki yac ce Inna ko ɗan wani abu a ƙago, Baiwa tac ce a ce akuyata ta haihu ai ba ƙarya ba ne, Kaka tac ce ba ni raba goro. Ba ta raba ba ko ƙwara guda. Sunka hau mota dai sunka zo don kar a ce ranar ta tashi, har Ambursa Baiwa ma ba ta tsokani kowa ba. Sunka kihe ƙwarya cikin ruwa sunka hwara.

Kulsumi ce tah hwara shigowa da Sahabi a baya da maƙwabtanta. Sai wasu, sai wasu, hili bai cika ba amma ya wuce rabi. Kaka tat tare wata bakin ƙohwa tac ce ke mi kika ce ma maigida, tac ce mi za ni ce, na ce kiɗin Laure za ni, yac ce ki komo kahin magariba. Hajiya Asiya ba ta zo ba, ita in ba mai sha'ani ba ta zuwa har Allah yak karɓi abinai, amma ta aiko surukarta da ƙwaryar hura tac ce a ba makaɗa su jiƙa maƙoshi.